Shekara huɗu bayan aikin rage ƙiba, ƙafafuna sun fara mutuwa: amsar likita

Wata baiwar Allah daga cikin garin Katsina ta rubuto: "Likita, shekaruna 36, 'ya'yana uku. A ƙarshen 2021 aka yi mini aikin rage ƙiba a Alƙahira, irin wanda ake karkata hanyar abinci. Daga kilo 128 na sauko 84, ciwon suga ya tafi. Bayan shekara ɗaya da rabi na daina shan bitamin ɗin da suka rubuta mini, tunda na warke kuma tsada gare su. Yanzu kilo 93 nake, kullum a gajiye, ga jiri, ga tafin ƙafata kamar ana tsira mini allura. Sau uku ana yi mini maganin maleriya da taifot. Ko aikin ne ya lalace? Ina son ƙarin haihuwa, ga azumi kuma yana tafe. Ban da maigidana babu wanda ya san an yi mini aikin nan."

Hajiya, sannu da jiki, Allah Ya ƙara afuwa. Ni ba likitar tiyata ba ce. Masu ciwon suga da hawan jini nake dubawa a nan Katsina, amma a 'yan shekarun nan waɗanda suka dawo daga Misra da Indiya da Turkiyya da ragaggen ciki sun fara yawa a cikin masu zuwa wurina, kuma labarinsu kusan ɗaya ne da naki.

Aikinki bai lalace ba. Wadda ta fara da 128 take 93 bayan shekara huɗu, aikinta yana nan daram. Zan zo kan kilo taran nan da suka dame ki. Amma ni ba su suka tayar mini da hankali ba, tafin ƙafar nan ne. Idan kin karanta wannan amsa yau, don Allah kada makon nan ya ƙare ba ki je asibiti ba.

Ga dalili. A irin aikin da aka yi miki, wanda likitoci ke kira baifas, an yanki saman tumbi an mayar da shi 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba, aka jona ta da hanji can gaba. Sauran tumbin da farkon hanji suna nan a cikinki, sai dai abinci ya daina bi ta cikinsu. To, a farkon hanjin nan ne jiki ke tsotsar yawancin sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke gina jini, da kalsiyam mai gina ƙashi. Tumbin da aka kauce wa kuma shi ke fitar da ruwa mai tsami da wani sinadari na musamman, wanda sai da shi bitamin B12 ke iya shiga jini. Wannan tsari ba ya komawa yadda yake. Ciwon wurin yankan ne ya warke, amma hanyar abincin haka za ta zauna har iyakar rayuwa. Shi ya sa bitamin ɗin nan ba maganin jinya ba ne da ake ajiyewa in an ji sauƙi. Su ne ke cike gurbin abin da tumbi ya daina yi.

Za ki ce, to ai na shekara biyu da rabi ban sha ba, me ya sa sai yanzu? Hanta ce ta rufa miki asiri. Tana ajiye B12 da zai iya riƙe mutum shekara biyu zuwa biyar, kamar rumbun da aka cika da kaka: kullum ana ɗiba, ba a zubawa, kuma ba wanda ya lura sai ranar da ƙwarya ta taɓo ƙasa. Lissafin shekarunki ya yi daidai da haka. Idan B12 ya ƙare, jini yana raguwa, amma abin da ya fi muni shi ne rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi tana zagwanyewa. Yana farawa da tsira-tsira a tafin ƙafa da yatsun hannu, sai mutuwar ƙafa, sai mutum ya ji kamar a kan auduga yake takawa, ya riƙa tangaɗi musamman a cikin duhu, takalmi ya zare bai sani ba. Wasu har mantuwa da ƙuncin rai. In an kama shi a watannin farko, yawanci yana warwarewa. In ya daɗe, wani ɓangaren ba ya dawowa ko an cika jikin da magani. Wannan ne gaggawar.

Kuma kada ki tsaya a kemis ki sayi ruwan ƙarin jini ki ce kin yi magani. Yawancinsu suna da folik asid, wanda zai iya gyara adadin jinin a takardar gwaji alhali jijiyoyin suna ci gaba da lalacewa a ɓoye. B12 ɗinki ta allura ya kamata ya shiga. Idan akwai alamun jijiya irin naki, ana yin miligiram 1 yau a tsallake gobe, har sai sauƙin ya daina ƙaruwa, sannan a koma duk wata biyu ko uku, ko duk wata, gwargwadon nau'in allurar da aka samu. A ɗebi jinin gwaji kafin allurar farko, amma ba sai an jira sakamako ba kafin a fara. Allurar nan ba ta da tsada, tana cikin mafi araha a duk abin da zan lissafa miki.

Gajiyar da jirin kuma, na fi zargin ƙarancin ayon. Mace mai al'ada duk wata tana zubar da shi, ke kuma ƙofar shigarsa an kauce mata. Ki duba kanki: kina haki in kin hau bene ko kin yi shara? Zuciya na bugawa da sauri? Gashi na zuba, farce na karyewa? Kina samun kanki kina tauna ƙanƙara ko kwaɗayin farar ƙasa? Wannan kwaɗayin ba hali ba ne, alamar ƙarancin ayon ce, kuma yana tafiya in an cike shi. Ana so mace irinki ta riƙa samun miligiram 45 zuwa 60 na ayon a kullum don rigakafi, fiye da haka in ya riga ya yi ƙasa. A sha shi da lemon zaƙi ko gwaiba, ba da shayi ba, ba da nono ba, kuma a bar tazarar awa biyu tsakaninsa da ƙwayar kalsiyam, don suna tare wa juna hanya. Da yawa daga cikin masu baifas ƙwayar ba ta isar su, sai an ba su ayon ta jijiya a asibiti. Wannan ba ƙarin jini ba ne, kuma sau ɗaya ko biyu yakan riƙe mutum watanni. Idan al'adarki tana zuba da yawa, a yi maganin wannan ma, in ba haka ba ana zuba ruwa ne a kwando.

Gwajin da za ki nema: cikakken ƙirgen jini, ba PCV kaɗai ba, feritin, wato ma'aunin ajiyar ayon, B12 da folet, kalsiyam da bitamin D da sinadarin PTH mai daidaita kalsiyam a jini, gwajin hanta da ƙoda, da HbA1c mai nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya. Tunda akwai alamun jijiya, in da hali a duba sinadaran zink da kofa, wato jan ƙarfe, domin ƙarancin kofa yana kwaikwayon na B12. Ki nufi sashen likitocin manya na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko wani babban asibiti. Abin da ba a samu a nan ba ana iya aika jinin Kano. Abu ɗaya ki riƙe: feritin yana hawa idan akwai zazzaɓi a jiki, don haka kada a auna shi kina tsakiyar maleriya, zai nuna kamar da sauran ajiya alhali babu. Bayan wannan karon, sau ɗaya a shekara, kowace shekara. Ki ɗaura shi da wani lokaci da ba za ki manta ba, kamar watan Sha'aban.

Yanzu maganar maleriya da taifot sau uku. Ba na zargin waɗanda suka duba ki, domin ba ki faɗa musu an yi miki aiki ba. Mace ta zo da kasala da jiri a garin nan, abin da zai fara zuwa zuciyar kowa ke nan, gwajin Widal kuwa yakan nuna taifot a jikin wanda ba shi da shi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne magungunan da ake haɗawa da su. Ɗan ƙullin "maganin ciwon jiki" na kemis da wuya ka buɗe shi ba ka sami diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam a ciki ba. Waɗannan, ga mai baifas, haramtattu ne a likitance har abada. Suna haƙa gyambo daidai inda aka jona jakar tumbi da hanji, gyambon da kan yi jini ko ya ɓule. Farasitamol ne naki. Asfirin sai in likitan da ya san aikin ne ya rubuta, tare da maganin kare tumbi. Taba da shisha ma gyambon suke jawowa. Idan kin ga bayan gida baƙi ƙirin, mai danƙo da wari na daban, ko zafi a ƙahon zuciya da ya ƙi tafiya, wannan na asibiti ne a ranar. Haka jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba, musamman masu kanwa da masu sa gudawa: cikinki ba irin na kowa ba ne yanzu.

Wannan ya kawo ni ga jimlarki ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Na san dalilin ɓoyewar. A wurinmu mace ta yi ƙiba an ce tana jin daɗin gidan miji, ta rame an ce kishiya ce ko wani mugun ciwo, in kuma aka ji ta kwashi kuɗi ta je waje an yanke mata ciki, sai a ce ta raina halittar Allah. Ƙiba mai tsanani cuta ce, neman maganinta ba laifi ba ne, kuma ba dole ba ne dangi da maƙwabta su sani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma gaban likita wurin wanka ne, ba a ɓoyon cibi.

Akwai wata matashiya da aka taɓa kawo mana daga wajen Daura. Ta yi makonni tana amai, ta kasa tsayuwa, idanunta na rawa, maganarta ba kan gado. Kafin ta iso an yi mata ƙarin ruwa mai suga leda bayan leda, kuma kullum abin gaba yake yi. 'Yan'uwa har sun fara maganar iska. Sai a kwana na biyu mijin ya ja ni gefe ya ce wata biyar da suka wuce an yi mata aikin rage ciki a waje, ta roƙe shi kada ya faɗa. Ƙarancin bitamin B1 ne. Shi ba kamar B12 ba ne, ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku, kuma ruwa mai suga yana cinye ɗan abin da ya rage ya jefa ƙwaƙwalwa cikin haɗari. Muka ba ta B1 ta jijiya, cikin kwanaki hankalinta ya dawo, amma ta yi watanni kafin ta taka ba tare da an riƙe ta ba. Har yau in na tuna kwana biyun nan da muka yi muna lalube, raina yana ɓaci. Saboda haka ki rubuta a 'yar takarda, da Hausa da Turanci: sunan aikin, shekarar da aka yi shi, kada a ba ni maganin ciwon jiki dangin diklofenak, in ina amai a ba ni B1 kafin ruwa mai suga. Ki sa a jaka, ki ɗauki hotonta a waya. Ki kuma zaɓi mace ɗaya a cikin 'yan'uwanki da kika amince da ita ki faɗa mata, domin ranar da za a kwashe ki zuwa asibiti ba lallai maigida yana gari ba.

A takardar nan ki ƙara layi ɗaya: ciwon ciki mai tsanani. Bayan baifas, kitsen da ke riƙe da hanji yana narkewa ya bar 'yan kafofi, hanji ya iya zurmawa ciki ya murɗe, ko da bayan shekara biyar ko goma. Ciwon yakan zo ya tafi, yawanci bayan cin abinci, wani lokaci da amai, kuma hoton ciki na yau da kullum ba ya nuna shi. Sai hoton siti-sikan da likitan tiyata. Ciwon da ya wuce awa biyu yana murɗa, kada a zauna ana jiƙa kanwa. Tsakuwar matsarmama ma tana yawa ga wanda ya rame da sauri, ciwonta a dama ƙarƙashin haƙarƙari. Sai tsakuwar ƙoda, wadda zafin Katsina na Maris zuwa Mayu ke taimaka mata: ki sha ruwa lita biyu a yini, kurɓi-kurɓi, ki riƙa shan kalsiyam ɗinki tare da abinci, kuma kada alayyafo ya zama ganyen kullum.

To, kilo tara. Akwai wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, aka bi mutum sama da dubu biyu da aka yi wa aikin rage ƙiba da wasu kamarsu da ba a yi wa ba, shekara da shekaru. Masu baifas sun zubar da kusan kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, a shekara ta goma suka tsaya a kashi 25. Ke kin zubar da kashi 34, yanzu kina kan 27. Kin ga hanyar da kowa ke bi kike bi. Jiki ba ya son rama, yana rage ƙona abinci, yunwa tana ɗan dawowa, 'yar jakar tana ɗan saki. A binciken nan dai, rahoton 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara uku a lissafi. Ajali na Allah ne, amma ki san ba asara kika yi ba.

Abin lura shi ne kada taran ta zama ashirin, kuma ɓarawon a nan ba tuwo ba ne. Tuwo loma huɗu zai cika ki. Abin sha da abin taɓawa ne: kunun gyaɗa da suga, zoɓo mai zaƙi, lemon kwalba, shayi mai madarar gwangwani, cincin, dubulan, alkaki, biskit. Waɗannan zarcewa suke yi ba tare da jakar ta ji su ba, mutum ya wuni yana tsakura bai taɓa jin ya ƙoshi ba. Ki koma cin abinci na zama, sau uku da ɗan ƙari sau ɗaya ko biyu, ki fara da mai gina jiki kafin hatsi. Ana so ki samu aƙalla giram 60 na furotin a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin kindirmo wajen 8, dafaffen nama ko kifi mai faɗin tafin hannunki 20 zuwa 25. Ga awara, ga alale, ga wake, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga hanta sau ɗaya a mako in ba ki da juna biyu. Ba sai an sayo garin furotin na gwangwani daga waje ba. Kilishi da busasshen tsire sukan tsaya a ƙirji, nama mai romo ya fi sauƙin wucewa. Fura kuwa ba zan ce Bakatsiniya ta bar ta ba, amma ki juya lissafin: nono da yawa, fura kaɗan, babu suga, a dama da kauri a sha da cokali a hankali. Kada ki haɗa ci da shan ruwa, ki bar rabin awa tsakani. Ki riƙa tafiya a ƙafa, ko zagayen tsakar gida ne bayan la'asar, amma sai ƙafar ta samu da jinin ya hau.

Zaƙin nan yana da wata illa da ƙila tana cikin jirinki. Ki lura da lokacin da yake zuwa. Idan minti goma zuwa talatin bayan cin abinci ne, da gumi da murɗar ciki da gudawa, abincin ne ya afka hanji da sauri. Idan kuma bayan awa ɗaya zuwa uku ne, da karkarwa da gumi da yunwa da duhun gani, suga ne ya hau da sauri, jiki ya saki insulin fiye da kima, sai ya faɗi ƙasa warwas. Wannan na biyun yakan bayyana ne bayan shekara ɗaya ko fiye da yin aikin. Na san kina da na'urar gwajin suga tun zamanin ciwon. Ki auna a daidai lokacin da abin ya taso, ki rubuta lambar da abin da kika ci. Ƙasa da 54, ko 3.0 a ɗaya ma'aunin, ki kai wa likita. Maganinsa na farko shi ne barin zaƙin da ke tayar da shi.

Ciwon sugan da kika ce ya tafi, ki ce dai ya kwanta. A binciken Suwidin ɗin nan, kashi 72 cikin ɗari na masu suga sun rabu da shi a shekara ta biyu, amma a shekara ta goma sha biyar kashi 30 ne suka rage a haka. Ko ya dawo yakan zo da sauƙi fiye da da, amma a riƙa auna HbA1c duk shekara, a duba ido da ƙoda. Shi ma tsohon ciwon suga yana taɓa jijiyar ƙafa, don haka za a duba wannan ɓangaren. Idan nauyin ya ci gaba da hawa duk da gyaran ci, akwai allurai irin su Ozempic da ake ba wasu bayan aikin, amma ta hannun likita, bayan an gyara jinin, kuma ba ga mai neman ciki ba. Kada ki saya a intanet. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsu. In kuma wata ta ga kin faɗa ta kawo miki "sha ka fashe", ki mayar mata da abinta, shi ne gajeriyar hanyar dawo da suga da hawan jini.

Haihuwa: in sha Allahu za ki iya, kuma ramar da kika yi ta rage miki haɗarin suga da hawan jinin masu ciki. Wata goma sha biyu zuwa sha takwas da ake cewa a jira bayan aiki kin wuce su tuni. Amma ba da wannan jinin ba. Ɗan tayi daga ajiyar uwa yake ɗiba, ke kuma rumbun a share yake. Ƙarancin B12 da folet a makonnin farko yana iya taɓa lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa. Ki ba kanki wata uku zuwa shida, a cike komai, a sake gwaji, a fara miki folik asid mai ƙarfi na miligiram 5 bayan an daidaita B12, sannan ki nema. Ku zauna da maigida ku yi wannan maganar, tunda shi ya san komai. A tsakanin nan, ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce ga mai baifas, domin ba ta gama shiga jini. Ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi, kuma robar mai sinadari tana rage zubar jinin al'ada, riba biyu ke nan. Allurar wata uku tana rage ƙarfin ƙashi, ba ita zan zaɓa miki ba. Idan cikin ya samu, ki fara awo da wuri a inda akwai ƙwararrun likitocin mata, kamar asibitin Turai 'Yar'adua ko asibitin koyarwa, ki faɗi aikin tun ranar farko. Kada a ba ki ruwan sugan nan da ake shayar da masu ciki don gwaji a wata na shida, zai iya kayar da ke. A madadinsa ana auna suga a gida na mako guda. A riƙa hoton girman jariri, domin 'ya'yan masu baifas sukan zo da ƙaramin jiki. Laulayi mai yawan amai kuwa, ki tuna matashiyar Daura.

Azumi. Yawancin waɗanda suka shekara da yin aikin, kuma jininsu lafiya, suna azumi ba matsala. Ke a halin da kika bayyana, da jiri da alamun jijiya da ba a gano kansu ba, ra'ayina na likita shi ne kada ki ɗauka sai an yi gwajin an fara magani, likitan da ya gan ki ido da ido ya ce kin isa. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, ya rama a wasu kwanaki; ki kai wa malaminki bayanin likita ya faɗa miki hukuncin da ya dace da ke. Ranar da kika samu ikon yi, buɗa-bakin ne wurin hatsari. Cikin da ya wuni a wofi, a antaya masa kunun tsamiya mai suga da lemo da dabino bakwai, kafin a idar da magariba mutum yana kwance yana gumi. Ki buɗe da ruwa kurɓi kaɗan da dabino ɗaya, ki yi salla, ki dawo ki ci ƙwai ko farfesun kifi ko ƙosai biyu, ki huta, ki ƙara wani abu bayan tarawihi. Ruwan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rarraba shi har sahur. Sahur ɗin a jinkirta shi, ya zama na kindirmo da ƙwai ko wake, ba koko da suga ba. Ayon bayan buɗa-baki, kalsiyam da sahur. In karkarwa da gumi suka taso da rana, ko fitsari ya yi ja ya ƙanƙance, ki karya.

Ƙashi shi ba ya kuka sai ya karye, shi ya sa ake mantawa da shi. Kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a yini, abinci da ƙwaya a haɗe, a raba shi kashi biyu ko uku. Nau'in sitiret ya fi shiga jikin mai ƙarancin tsamin tumbi. Bitamin D kuma, kada ranar Katsina ta ruɗe ki. Macen da ke wuni a ɗaki, in za ta fita ta rufe jiki, tana iya rasa shi a garin da rana ke fasa dutse. Ki sha ƙwayarsa, ki kuma riƙa zama a tsakar gida da hantsi hannuwa da ƙafafu a buɗe.

Masu karatu da aka yi wa ɗaya aikin, wanda ake yanke kusan kashi 80 na tumbi a bar shi kamar ayaba, kusan duk wannan ya shafe ku, har da B12 da ayon. Naku ƙarin shi ne ƙwannafi: in ya zama na kullum, a leƙa maƙogwaro da tumbi da na'ura, kada a shekara ana shan maganin olsa kawai.

Ban tambaye ki yadda zuciyarki take ba, kuma ya kamata. Wasu bayan ramar sai fatar ciki da ta hannu ta saki, ga zufa da ƙaiƙayi a ƙarƙashinta lokacin zafi, mace ta riƙa jin kunyar mijinta fiye da lokacin da take da ƙiba. Wasu abinci ne abokin hirarsu in rai ya ɓaci, aka raba su da shi ba a ba su madadi ba. Ga zuwa biki ana ta "ci mana, ko ba ki da lafiya ne?" Idan kina yawan kuka, barci ya ƙaurace, ko kin fara jingina da maganin barci ko tiramadol, ki faɗa wa likitan a wannan zuwan, yana cikin abin da ake magani. Fatar kuma a wanke, a busar sosai, a sa tufafin auduga. Ana iya cire ta da tiyata, amma bayan an gama haihuwa.

Maganar tsada gaskiya ce, ba zan ce miki ba haka ba ne. Amma ba dole sai bitamin na musamman da kika zo da shi daga Alƙahira ba. Likita da mai harhaɗa magani za su iya haɗa miki daga abin da ke kantunan garin nan: cikakken bitamin mai ma'adanai, ayon, kalsiyam da D, da allurar B12, a kan kuɗin da bai kai na wancan ba. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ranar da za ki je, ki tafi da takardun da aka sallame ki da su, da kwalayen duk maganin da kika sha a watannin nan har da na kemis, da lambobin sugan da kika rubuta. Idan takardun sun ɓata, ki rubuta wa asibitin da ya yi aikin ta WhatsApp ko imel su turo miki rahoton tiyatar, musamman nau'in baifas ɗin da tsawon hanjin da aka kauce wa, domin da shi za a san yawan abin da za a ba ki. In sakamakon ya fito, ki turo mini lambar feritin da ta B12 da ta HbA1c, ki kuma faɗa mini ko tsira-tsiran ya tsaya a tafin ƙafa ko ya fara hawowa idon sawu.